Ƙarfin Damƙar Hannu Da Tsufan Iyayenmu Mata Na Babbar Kasuwar Kaduna



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne ƙarfin damƙar hannu, watau iyakar ƙarfin da mutum ke iya matse abu da shi a cikin tafin hannunsa, da kuma yadda wannan ƙarfi yake kasancewa ga mata sa'ad da shekaru suka ja. Na san akwai waɗanda za su ce a ransu, ƙungiyar ɗalibai da ta saba da zancen kuɗin makaranta da siyasar ƙasa, me ya kai ta ga tafin hannun tsohuwa? Amsar ita ce da yawa daga cikinmu da wannan hannu aka biya kuɗin makarantarmu. Bayan haka kuma masana kiwon lafiya sun gano cewa ƙarfin damƙa yana ba da labarin lafiyar jiki gaba ɗaya tun kafin ciwo ya kwantar da mutum. Saboda haka ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci.

Bari mu fara da kasuwa. Babbar Kasuwar Kaduna tana kan titin Ahmadu Bello a tsakiyar gari, arewa da kogi, kuma sunanta na hukuma Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, don tunawa da tsohon Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa wanda ya rasu a 1992. Duk wanda ya ratsa layin kayan miya da na hatsi, ko ya bi gefen kasuwar inda masu tebur da masu faifai ke zama, zai ga mata masu shekaru sittin zuwa sama suna sana'a: Hausawa da Fulani da Gwari da Nufawa da Yarabawa da Ibo da 'yan kudancin jihar. Wannan tana auna wake da mudu, waccan tana dama fura da ludayi, wata tana ɗaure bakin buhu, wata tana tsiyaya manja daga jarka zuwa kwalba, wata kuma tana ƙulla daddawa da kuka a leda tun safe har yamma. Ku lura da kyau, babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da ke yiwuwa sai da yatsu masu riƙo. Ma'aikacin gwamnati idan ya tsufa yana da fansho, ko da an jinkirta masa. Ita kuwa tsohuwar kasuwa jarinta biyu ne, ɗan kuɗin da ke ɗaure a bakin zane da ƙarfin hannunta, kuma ranar da na biyun ya ƙare na farkon ba ya daɗewa.

To, yaya ake auna wannan ƙarfi? Akwai wata 'yar na'ura da ake kira dinamomita, mu kira ta ma'aunin damƙa. Tana da mariƙi biyu da ake matsewa, da allura ko lambobi masu nuna ƙarfin a kilo. Wadda ta fi shahara a asibitoci ita ce mai suna Jamar, wadda ta fito a Amurka a 1954, ana kuwa amfani da ita har yau. Yadda ake yi shi ne a zaunar da mutum a kujera, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a jikinsa, gwiwar hannu a lanƙwashe kamar kusurwar ɗaki, sa'an nan a ce ya matse iyakar ƙarfinsa na daƙiƙa kaɗan. Akan yi haka sau uku a kowane hannu, ana hutawa a tsakani. Wasu masana kan ɗauki lamba mafi girma, wasu kuma su haɗa ukun su raba. Aikin duka ba ya wuce minti biyar, ba a ɗibar jini, ba a bukatar wutar lantarki. Ga mai amfani da dama, hannun dama yakan fi na hagu da misalin kashi 10 cikin 100. Ga bahago kuwa hannuwan biyu sukan yi kusa da juna.

Akwai abin da ya kamata a fahimta tun yanzu don kada a ruɗe. Idan aka ce damƙar mace kilo 20 ce, wannan lamba tana nufin ƙarfin matsi na yatsu da tafin hannu da tsokar damtse ta ƙasa. Kayan da za ta iya ɗauka a ka ko a kafaɗa wani lissafi ne dabam. Matan Gwari, waɗanda aka sani da ɗaukar kaya a kafaɗa, suna iya tafiya da nauyin da ya ninka wannan lamba, domin wuya da baya da ƙafafu ne ke ɗauke da shi. Amma ɗaga kayan daga ƙasa, da riƙe bakin kwando, da sauke shi ba tare da ya suɓuce ba, wannan aikin damƙa ne.

Yanzu mu zo ga lambobin kansu, tun da su ne gindin magana. A 2014 wasu masana a Birtaniya, a ƙarƙashin jagorancin Richard Dodds na Jami'ar Southampton, suka tattara sakamakon bincike 12 da aka yi a ƙasarsu, wanda ya ƙunshi mutane kusan 50,000, tun daga yara har zuwa masu shekara 90. Suka gano cewa ƙarfin damƙa yana hauhawa tun ƙuruciya, ya kai ƙololuwa a farkon girma, ya ɗan tsaya a nan, sa'an nan ya shiga gangara. Ga maza ƙololuwar ita ce kilo 51, tsakanin shekara 29 da 39. Ga mata kilo 31 ce, tsakanin shekara 26 da 42. Daga nan matsakaicin ƙarfin mace yana sauka kamar haka: a shekara 50 kilo 29, a shekara 60 kilo 27, a shekara 70 kilo 24, a shekara 80 kilo 19, a shekara 90 kuma kilo 14.

Ku dubi waɗannan lambobi ku ga yadda gangarar take. Tsakanin shekara 50 da 60 kilo 2 ne ke tafiya, tsakanin 60 da 70 kilo 3, tsakanin 70 da 80 kilo 5, haka kuma tsakanin 80 da 90. Ke nan gangarar tana ƙara sauri da tafiyar shekaru, kuma mace mai shekara 90 tana riƙe da ƙasa da rabin ƙarfin da take da shi tana 'yar shekara 35. Wannan raguwa ta kowa ce, ba a kiranta cuta. Inda magana take shi ne sa'ad da ƙarfin ya sauka ƙasa da wani layi, ko ya sauka da sauri fiye da na tsara.

Wane layi ke nan? Ƙungiyar likitocin tsofaffi na Turai da ke nazarin zaizayewar tsoka ta zauna a 2018 ta sabunta ƙa'idojinta, ta ce mace mai damƙa ƙasa da kilo 16, da namiji mai ƙasa da kilo 27, ana ɗaukarsu masu rauni da ya kamata a bincika. A 2010 wannan ƙungiya ta sa layin a kilo 20 ga mata da kilo 30 ga maza, daga baya ta sauke shi bisa ga lambobin Birtaniya da na ambata. Takwararta ta nahiyar Asiya kuwa a 2019 ta sa nata layin a kilo 18 ga mata da kilo 28 ga maza. Ita cutar da ake magana a kanta sunanta sakofiniya, watau zaizayewar tsoka da ƙarfi saboda tsufa, kuma wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa mata wannan suna a 1989.

Wani zai tambaya, me ya sa likitoci suka damu da hannu haka, alhali ga zuciya ga huhu ga ƙoda? Dalili shi ne tsokar jiki tare take ƙaruwa, tare take raguwa. Wanda hannunsa ya yi rauni galibi cinyarsa da bayansa su ma sun yi, sai dai hannun ya fi sauƙin aunawa. Babban bincike da ya tabbatar da muhimmancin abin shi ne wanda Jami'ar McMaster ta Kanada ta jagoranta, aka buga sakamakonsa a mujallar The Lancet a 2015. An auna mutane kusan 140,000 masu shekara 35 zuwa 70 a ƙasashe 17, masu arziki da matalauta, aka bi lafiyarsu misalin shekara huɗu. Aka ga cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin 100, da ƙarin haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini na kashi 17, da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki na kashi 9. Har ma aka ga cewa ƙarfin damƙa ya fi lambar sama ta awon hawan jini iya nuna wanda ke cikin haɗarin mutuwa. Tun kafin wannan, a 2001, Linda Fried da abokan aikinta a Amurka sun lissafa alamu biyar na raunin tsufa: rama ba da niyya ba, yawan gajiya, raunin damƙa, tafiya a hankali, da ƙarancin motsi. Wanda ya haɗa uku daga ciki ya fi kusa da faɗuwa da kwanciya asibiti.

Sai dai tilas mu yi hattara da fassarar wannan sakamako, mu da ake koya wa tunani a jami'a. Binciken ya nuna cewa abubuwan biyu suna tafiya tare, amma bai ce raunin hannu shi ke kashe mutum ba. Ƙarfin damƙa kamar hayaƙi ne da ke nuna akwai wuta a wani wuri. Saboda haka wanda ya sayo wa kakarsa ƙwallon roba ta riƙa matsewa, ya bar ta da rashin abinci da ciwon sukari da ba a kula da shi, ya kori hayaƙi ne ya bar wutar tana ci.

Hattara ta biyu ta fi shafarmu. Waɗannan lambobi na kilo 16 da kilo 24 daga jikin Turawan Birtaniya aka samo su, kuma ƙarfin damƙa yana bin tsawo da girman jiki da faɗin tafin hannu da irin abincin da mutum ya ci tun yana ciki. Masanan Kanada ɗin nan sun sake buga wani rahoto a 2016 kan lafiyayyun mutane fiye da 125,000 a ƙasashe 21, suka ga cewa mutanen Turai da Arewacin Amurka su ne kan gaba, na Sin da Kudancin Amurka da Gabas ta Tsakiya a tsakiya, na Afirka da Kudancin Asiya da Kudu maso Gabashin Asiya kuma a ƙasa. Matan Kudu maso Gabashin Asiya da suka wuce shekara 60, misali, matsakaicinsu kilo 18 ne. Mutanen Afirka da ke cikin wancan bincike daga kudanci da gabashin nahiyar suka fito. A yammacin Afirka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna damƙar masu shekara 50 zuwa sama a Gana a binciken tsufa da ta yi tsakanin 2007 da 2010, kuma a nan gida masanan gashin ƙashi na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife sun buga nasu awon na lafiyayyun 'yan Nijeriya a 2009. Darasin da ke ciki shi ne kowace al'umma tana bukatar ma'auninta. Idan aka gwada tsohuwar Kaduna da layin Turai kawai, za a iya kiran lafiyayya mara lafiya don jikinta ƙarami ne, ko kuwa a sallami wadda ta yi asarar rabin ƙarfinta don aikin shekara arba'in ya sa ta fara gangara daga wuri mai tsawo. Abin da ya fi amfani shi ne a auna mace yau, a sake auna ta baɗi, a gwada ta da kanta.

Me ya sa abin ya fi tsanani ga mata? Da farko, tun asali tsokar mace ba ta kai ta namiji yawa ba, saboda haka tazarar da ke tsakaninta da layin rauni gajera ce. Namiji da ya fara daga kilo 51 yana da kilo 24 kafin ya kai 27, mace da ta fara daga 31 kilo 15 kawai take da su kafin ta kai 16. Na biyu, sa'ad da al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, sinadarin jikin mace da ake kira istirojin yana raguwa, kuma raguwarsa tana hanzarta asarar ƙarfi da laushin ƙashi. Na uku kuwa namu ne na gida. Yawan haihuwa kusa da kusa, da ƙarancin jini, da ɗabi'ar iyaye mata ta ba maigida da yara tsokar nama su su gama da romo, duk suna tara bashi a jiki wanda ake biya da tsufa. Daɗin daɗawa haƙora kan zube, tauna nama da gyaɗa ta gagara, sai tsohuwa ta koma ga koko da kunu da shayi da burodi, abincin da ke cika ciki ba ya gina tsoka.

Akwai kuma cututtuka da ke raunana hannu waɗanda bai kamata a jingina su ga tsufa ba. Ciwon sukari yana lalata jijiyoyin yatsu, amosanin gaɓɓai yana sa matsi ya zama azaba, tarin fuka da ciwon ƙoda suna cinye tsoka, kuma matsewar jijiya a wuyan hannu tana kawo dindiris da dare ga masu aikin hannu iri ɗaya kullum. Abu ɗaya nake roƙon kowa ya tafi da shi ko da ya manta sauran: idan hannu ɗaya ya mutu farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma asibiti ake nufa nan take, domin sa'o'in farko su ne ke raba warkewa da nakasa. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, a Shika kuma akwai na Jami'ar Ahmadu Bello.

Wanda ba shi da na'ura fa, yaya zai gane? Gidajenmu cike suke da ma'auni ga mai lura. Ku duba ko Inna tana iya matse wanki har ruwa ya daina ɗiga, ko tana iya buɗe murfin kwalba da kanta, ko muciya ta fara gagararta idan tuwo ya yi kauri, ko ta daina jan guga ta koma jiran yara, ko kofi da buta sun fara suɓuce mata. A kasuwa ku duba ko ta rage girman buhun da take sara, ko ta fara biyan ɗan dako a kan kayan da bara take ɗauka da kanta. Ƙungiyar Turai ɗin nan ta ba da wani gwaji da ba ya bukatar kome sai kujera da agogo: mutum ya harɗe hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ƙafafunsa sun yi rauni, ya kamata likita ya gan shi. A yi gwajin da wani tsaye kusa don gudun faɗuwa.

Yanzu na zo ga wurin da nake ganin mu 'yan boko muke bukatar gyara tunani. Da zarar ɗayanmu ya kama aiki ya karɓi albashin farko, burinsa shi ne ya je gida ya ce, "Inna, kin sha wahala, ki bar kasuwa haka nan, ki zauna ki huta." Niyyar kyakkyawa ce, kuma tarbiyyarmu ce ta koya mana ita. Amma tsoka ba ta san hutu irin wannan ba, abin da ba a mora ba jiki yakan janye shi. Tsohuwar da ke tafiya daga bakin titi zuwa rumfarta kullum, tana tashi tana zama, tana auna kaya, tana ciniki da raha da abokan sana'a, idan aka zaunar da ita a ɗaki gaban talabijin aka sa 'yar aiki ta riƙa miƙa mata ruwa, an raba ta da motsi da mutane a rana ɗaya. Likitoci sun daɗe da sanin cewa kwanciyar kwana goma kawai tana rage wa tsoho tsoka da ƙarfi sosai, kuma dawo da su ya fi rasa su wuya.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a bar tsohuwa da ɗaukar buhu a cikin rana don wai motsa jiki ne. Aiki mai nauyi a kan ciki mara abinci cinye jiki yake yi, yana kuma lalata gwiwa da baya. Abin da ya dace shi ne a sauke mata nauyin da ke cutarwa a bar mata motsin da ke amfani. A biya ɗan dako ya kai kaya rumfa, ita ta ci gaba da awo da ciniki. A sama mata kujera mai tsawo da jingina maimakon 'yar kujerar tsuguno, a rage mata sa'o'i idan ta so, kuma a yi shawara da ita, domin sana'arta ce da mutuncinta.

Akwai labari mai daɗi a cikin wannan magana, shi ne tsoka ba ta tsufa da koyo. A 1990 Maria Fiatarone da abokan aikinta suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a wani gidan tsofaffi a Boston ta Amurka. Sun ɗauki mutum goma masu shekara 86 zuwa 96, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako takwas. Tara da suka kammala sun ƙara ƙarfin cinya da kashi 174 cikin 100, watau ya kusa ninkawa uku. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce masu shekara 65 zuwa sama su sami motsi na aƙalla minti 150 a mako, su yi aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye, su kuma yi na daidaita tsayuwa kwana uku don rigakafin faɗuwa. Wannan ba ya bukatar gidan motsa jiki. Tashi da zama daga kujera sau goma, ɗaga robar ruwa mai lita ɗaya ko biyu, matse tawul jiƙaƙƙe, da tafiya zuwa gidan 'yan'uwa da ƙafa, duk suna cikin lissafi.

Sai abinci. Masana abincin tsofaffi sun ba da shawara a 2013 cewa tsoho lafiyayye ya sami giram 1 zuwa 1.2 na sinadarin gina jiki, watau furotin, a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Mace mai nauyin kilo 55 tana bukatar giram 55 zuwa 66 ke nan. Ƙwai ɗaya yana da misalin giram 6, kofin nono misalin giram 8, busasshen wake giram 100 yana da fiye da giram 20, waken suya kuwa ya wuce giram 30. Alala da ƙosai da awara da kunun gyaɗa da dakakken ƙuli-ƙuli da garin busasshen kifi a miya duk suna da laushi ga mara haƙori, kuma duk ana sayar da su a cikin kasuwar da take zaune. Sau da yawa mai sayar da wake ita ce ba ta cin wake, don tana lissafin riba. Saboda haka maimakon atamfa ta biyar a sallah, ɗan ma'aikaci ya ware kuɗin ƙwai da nono na wata. Mai ciwon ƙoda dai sai da shawarar likita kafin a ƙara mata irin wannan abinci.

A ɓangaren hukuma akwai abubuwan da aka kafa waɗanda ya kamata mu sani don mu nemi a yi aiki da su. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi a 2012. An sa hannu a dokar Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. A 2019 an ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho domin masu sana'ar kansu irin 'yan kasuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin lafiya. Takarda dai ba ta auna hannu, sai an sami mutanen da za su ɗauke ta daga ofis su kai ta layin 'yan daddawa, kuma da yawa daga cikin masu zama a waɗannan ofisoshi gobe suna cikin wannan ɗaki.

Saboda haka ina gabatar wa ƙungiyarmu shawara uku. Ta farko, ɗaliban likitanci da jinya da gashin ƙashi da lissafi su haɗa kai a ƙarƙashin kulawar malamansu, su nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da na hukumar kasuwa da shugabannin mata 'yan kasuwa, su kafa tebur a kasuwar lokacin hutu, su auna damƙa da tsawo da nauyi da hawan jini na duk macen da ta yarda. Ɗalibai mata su riƙe awon, a yi bayani da harshen da mace ke ji, a ba kowace sakamakonta a kati, wadda aka ga alamar ciwo a tura ta asibiti. Idan aka maimaita shekara bayan shekara, za mu sami ma'aunin matan Kaduna da aka samo daga hannun matan Kaduna. Ta biyu, waɗanda ke aiki a ma'aikatar lafiya da ƙananan hukumomi su yi ƙoƙarin ganin ma'aunin damƙa ya zauna kusa da na hawan jini a ƙananan asibitoci, tun da kuɗinsa kaɗan ne kuma ba ya cin kome bayan an saya. Ta uku ta kowa ce, ba ta jiran kwamiti. Idan kun je gida hutu kun durƙusa kun gaida Inna ko Goggo ko Kaka, ku ba ta yatsunku biyu ku ce ta matse, ku tambaye ta abin da ta ci jiya, ku kuma kula da yadda take tashi daga zaune.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a wannan al'amari rigakafin ya shafe ku 'yan'uwana mata da ke zaune a nan. Tsawon gangarar tsufa ya dogara ga tsayin da aka fara daga gare shi, kuma shekarun da kuke ciki yanzu, daga ashirin zuwa arba'in, su ne na tara ƙarfi. Aikin ofis da zaman mota ba za su ba ku abin da turmi da rijiya suka ba iyayenmu ba, sai kun nema da gangan.

 Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon kula da su.